Injin Camaro a Cikin Silverado: Kamshaf Ya Shiga, Amma Ya Dace?

Duk kamshaf ɗin (sandar nan mai tozaye da ke sa bawul buɗewa) da ke cikin injinan V8 na kamfanin General Motors (GM), waɗanda ya fara fitarwa a 1997 ake kuma ce musu LS, kaurin wuyansa ɗaya ne: milimita 55, a wuri biyar. Ka zaro na Corvette ka zura a injin Silverado, zai shige sumul kamar dama don nan aka ƙera shi. Wannan sauƙin shiga shi ke yaudarar makanikai. A ɗaure komai, a murɗa makulli, sai injin ya yi ta ja ya ƙi tashi, ko ya tashi yana kas-kas a saman tof, wato kan injin, ko kuma ya tashi lafiya ƙalau amma motar ta kasa jan kayan da take ja da tsohon injinta. Kama da wane ba ta wane.

Misalin da za mu bi shi ne wanda ake yawan yi a Amurka, inda waɗannan injina suke birjik a wuraren sayar da tarkacen mota. A-kori-kura ce, Chevrolet Silverado ko GMC Sierra 1500 ta tsakanin 1999 da 2006, mai injin lita 5.3 da ake kira LM7. Injin ya mutu, aka samu LS1 mai lita 5.7 daga Camaro ko Pontiac Firebird ta 1998 zuwa 2002. LS1 ɗin nan shi ne a cikin Corvette ta 1997 zuwa 2004, da Pontiac GTO ta 2004, da kuma Chevrolet Lumina SS da Caprice waɗanda aka riƙa kai wa ƙasashen Larabawa daga masana'antar Holden ta Ostireliya.

Injinan biyu 'yan ɗaki ɗaya ne. Tafiyar fistin a cikinsu milimita 92 ce duka, faɗin silinda ne ya bambanta: 96 a LM7, 99 a LS1. Bulok ɗin LM7 baƙin ƙarfe ne, na LS1 alminiyam, don haka gaban motar zai rage nauyi da kusan kilo 40. Ramukan injin-sit ɗaya, bayan bulok inda giyabos ke kamawa ɗaya, kuma giyabos 4L60E shi ne a bayan kowannensu in motar otomatik ce. Aikin ɗora shi a kan mota ba shi da wata wahala.

Dokar aikin ita ce ka tuɓe injin Camaro tsirara, ka bar bulok da tof biyu da abin da ke cikinsu, sannan ka sa masa suturar tsohon injin a-kori-kurar. Mutane na jin ƙyashin cire manifol ɗin iska na LS1 saboda ya fi kyan gani. Cire shi. Gajere ne, bakinsa na karo da wuyan famfon ruwa da baraket ɗin altaneta na a-kori-kura, kuma manifol ɗin 5.3 mai tsayin nan mara fasali ya fi shi ba da ƙarfi a ƙananan juyi, inda motar kaya take rayuwa. Ramukan iska na tof ɗin duka biyun siffarsu ɗaya, dogaye masu tsinin sama, don haka yana zama daidai. Da ka bar manifol ɗin motar ka huta da rigimar nozul, domin soket ɗin nozul na Camaro daban yake da na Silverado, ka kuma huta da rigimar totur, tunda Silverado ta 1999 zuwa 2002 ta waya ce, ta 2003 zuwa sama ta lantarki.

Kayan gaban inji ma haka. GM ya yi su zubi uku: na Corvette shi ya fi matsowa jikin bulok, na Camaro yana tsakiya, na a-kori-kura ya fi fitowa waje. Fulin kiranshaf da famfon ruwa da baraket-baraket dole su zama na gida ɗaya. Ka haɗa fulin Camaro da famfon ruwan Silverado, fanbel ba zai yi minti biyu a kai ba.

Kaskon baƙin mai, wanda ake kira botom-filet, ba shi kaɗai ake canzawa ba. Abu huɗu ne suke tafiya tare: kaskon, da bututun zuƙar mai, da farantin da ke tsakaninsa da kiranshaf, da sandar gwada mai da hannunta. Na a-kori-kura mai zurfi ne ta baya, yana cin lita 5.7 har da filta. In injin na GTO ne ko Lumina, zurfin kaskonsa ta gaba yake, sandar gwajin kuma a jikin kaskon take, ramin da ke jikin bulok an toshe shi, sai ka fitar da toshiyar kafin ka rufe ƙasa. A bakin bututun zuƙar mai akwai ɗan zoben roba. Sa sabo, irin wanda ya dace da bututun, ka shafa masa mai, ka tura bututun ya zauna da kansa kafin ka kama noti. In ka ja shi da noti zoben zai tsage, famfo ya riƙa zuƙar iska, mai ya yi kumfa, tafet, wato ƙarafan da tozon kamshaf ke ɗagawa, su fara ƙara. Da yawa an zargi kamshaf a kan laifin wannan ɗan zoben da kuɗinsa bai kai na filogi ɗaya ba. Shi kuma kaskon, bayansa ya zo daidai da bayan bulok, ka ɗora ƙarfe miƙaƙƙe ka gani, domin giyabos yana kama shi shi ma. Ƙananan notin a ɗaure su 25 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗaurin noti), dogayen nan biyu na baya 12 Nm kacal, ka wuce haka su karye.

Fulawil na motar za ka mayar, a ɗaure shi hawa uku: 20, sai 50, sai 100 Nm. Idan Camaro ɗin mai kuloci ce, akwai ɗan boris a ramin bayan kiranshaf da sai an cire shi kafin hancin kwanbata, wadda ke haɗa inji da giyar otomatik, ya shiga. A nan a kiyaye tsohuwar dabarar nan ta cusa giris a ramin a doka ƙarfe. Kiranshaf ɗin LS1 a huje yake, a bayan boris ɗin akwai wata siririyar toshiya. Giris ɗin zai tura ta ciki, sai ka ga baƙin mai na zuba ta tsakanin inji da giya bayan an gama aiki. A nemi abin jan boris.

Mu dawo kan kamshaf, inda maganar take.

Abu na farko da za ka tambaya shi ne ko birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, zai gan shi. Birenbos yana bukatar labari daga wuri biyu. Sensar kiranshaf tana gaya masa inda fistin yake, amma tunda kiranshaf na zagaye biyu kafin kamshaf ya yi ɗaya, sai sensar kamshaf ce ke gaya masa ko fistin ɗin ya hau ne don matse mai ko don fitar da hayaƙi. A zubin farko na LS, wanda GM ke kira Gen III, kuma LM7 da LS1 duk suna cikinsa, sensar kamshaf tana tsaye a saman bulok ta can baya, bayan manifol, kusa da sensar ƙarfin baƙin mai. Abin da take karantawa wani zobe ne da aka sassaƙa a jikin kamshaf ɗin kansa, gab da wuyansa na ƙarshe, rabi tudu rabi kwari. A zubi na biyu, Gen IV, an ɗauke sensar an kai ta murfin taimin na gaba, tana karanta jikin giyar taimin. Saboda haka kamshaf na LS3 ko LS7 ko LS9 ba shi da wannan zoben. Ka sa shi a bulok na Gen III, sensar baya tana kallon ƙarfe sul, ba ta ganin komai. Injin zai iya tashi, amma sai ya daɗe yana ja, wani lokaci ya yi tari ta manifol, fitilar inji ta kama, sikana ta nuna lambar matsala P0342 ko P0343. Maganinsa murfin taimin mai ramin sensa, da giyar taimin mai tudu ɗaya irin ta LS2 na 2005, da wayar ƙari da aka yi musamman don kai soket ɗin daga baya zuwa gaba. Kafin ka biya kuɗin kowane kamshaf, juya shi ka dubi wutsiyarsa da idonka.

Muddin LS1 ne da kamshaf ɗinsa na asali, wannan matsala ba ta taso ba, sensar ma ɗaya ce da ta motarka. Inda take tasowa shi ne a ce an samu injin mota sabon zubi da araha. A jikin kiranshaf akwai faranti mai haƙora da sensa ke ƙirgawa: Gen III 24 ne, sensarsa baƙa, yawancin Gen IV 58 ne, sensarsa ruwan toka. Tana gefen dama, a saman kik. Leƙa ka ga launinta kafin a fara ciniki. Birenbos na Silverado ta 1999 zuwa 2006 bai san 58 ba sam. LS2 na Corvette ta 2005 da na GTO ta 2005 da 2006 suna da 24, su ne masu sauƙi. Corvette daga 2006 ta koma 58 da giyar taimin mai tudu huɗu. Mai irin wannan injin yana da hanya biyu: ko ya sayi akwatin da ke fassara 58 zuwa 24, irin wanda kamfanin Lingenfelter ke yi, ko a fitar da kiranshaf a canza farantin, wanda sai an gasa sabon an kuma saita shi da ma'auninsa na musamman. A Gen IV, sensar da ke jin ƙarar gudumar fistin ma ta tashi daga ƙarƙashin manifol ta koma gefen bulok, daga waya ɗaya ta koma biyu. Ramukan iska na LS3 kuma masu kusurwa huɗu ne, manifol ɗin 5.3 ba ya hawa kansu. Kowanne ana iya warware shi, amma ka haɗa lissafin kafin ka kira injin mai araha.

Hancin kamshaf ma iri biyu ne. Na Gen III noti uku ke riƙe giyar taimin. Daga wajen 2007 yawancinsu suka koma babban noti ɗaya a tsakiya. Giyar wannan ba ta hawa wancan, don haka kamshaf da giyarsa tare ake sayensu, a kuma tabbatar tudun da ke jikin giyar shi ne wanda birenbos ke jira.

Akwai ƙarin tarko biyu a Gen IV. Ɗaya shi ne tsarin kashe silinda huɗu don tattalin mai, AFM, wanda ke cikin L76 na Pontiac G8 da L99 na Camaro otomatik ta 2010 zuwa 2015. Silinda ta 1, 4, 6 da 7 suna da tafet na musamman masu lanƙwashewa, kuma tozon kamshaf na waɗannan silindar an yanka shi don su. Ba a raba su. Mai son cire tsarin sai ya canza kamshaf, da tafet ɗin, da robobin da ke riƙe su, da murfin kwarin da ke ƙarƙashin manifol, duk a zama ɗaya, wanda ke nufin sai an sauke tof. Na biyu shi ne VVT, mai jujjuya taimin da ƙarfin baƙin mai, shi ma yana cikin L99. Tsohon birenbos ba shi da hanyar sarrafa shi, don haka kamshaf da giya da murfin gaba duk sai an mayar da su na gargajiya.

Tambaya ta biyu, ko kayan bawul za su ɗauke shi. Roka na LS, mai danna bawul, ba a saita ta kamar ta tsofaffin injina. Ana ɗaure ta 30 Nm ne a wuce. Abin da ke yanke yawan dannawar da tafet ke samu shi ne tsawon fushrod, sandar da ke tsakanin tafet da roka, wanda daga masana'anta inci 7.400 ne, wato milimita 188. To, masu ƙera kamshaf in suna son ƙara tsayin tozo ba sa iya ƙara shi ta sama, domin dole tozon ya wuce ta cikin ramin milimita 55 ɗin nan. Sai su rage bayansa. Da bayan tozo ya ragu, tafet zai sauka ƙasa, fushrod na asali ya yi gajarta. Misali a fili shi ne kamshaf na LS6, injin Corvette Z06 ta 2002 zuwa 2004: bayan tozonsa ƙarami ne, shi ya sa GM ya ƙara wa bawul ɗin wannan injin tsawon milimita 0.6. Ka sa shi a LS1 ko LM7 da bawul ɗinsu na asali, dannawar ta ragu, kuma sau da yawa sai an koma fushrod 7.425. Kada a yi ƙiyasi. Akwai fushrod na gwaji mai warwaruwa: a juya inji har tafet ya zauna a bayan tozo, a ɗaure roka, a warware na gwajin har wasa ya ƙare ba tare da ya danna tafet ba, a auna tsawonsa, a ƙara milimita 1.5 zuwa 2. Shi ne tsawon da za ka saya. In ya gaza za ka ji kas-kas kamar keken ɗinki. In ya zarce bawul ba zai rufe ruf ba, matsi ya zube, bakin bawul ya ƙone.

Sifirin ɗin bawul na LM7 da LS1 an yi su ne don ɗagawar da ba ta wuce wajen milimita 12.7 ba. Kamshaf ɗin LS6 na 2002 yana ɗaga bawul kusan 14. Tsohon sifirin da ya sha tafiya ba zai jure ba: ko bawul ya riƙa shawagi a babban juyi, ko sifirin ya karye bawul ya faɗa kan fistin, shi ke nan an yi asarar inji. Duk kamshaf da ya haura wannan iyaka da sababbin sifirin goma sha shida yake tafiya.

Sai tazarar bawul da fistin. Fistin ɗin LM7 yana da ɗan kwarmi a ka, na LS1 shafaffe ne ba shi da ko gurbin bawul. Kamshaf na masana'anta ba ya kawo matsala, amma mai dogon buɗewa yana iya sa su gaisa, musamman in an taɓa kankare tof. A bar aƙalla milimita 2 a bawul ɗin shiga, 2.5 a na fita. In tof a sauke yake, a manna ɗan yumɓun wasan yara a kan fistin, a mayar da tof da tsohon gasket, a juya inji da hannu zagaye biyu, a sauke a yanka yumɓun a auna kaurinsa.

Tambaya ta uku ita ce aka fi tsallakewa, kuma a ganina ita ta fi sauran nauyi: wane aiki motar za ta yi? Camaro nauyinta bai fi tan ɗaya da rabi da ɗoriya ba. Silverado tana kai wajen tan biyu tun ba a ɗora mata komai ba, tayarta ta fi girma, sannan ga kaya ga tirela. Ana auna kamshaf da yawan digirin da bawul ke yi a buɗe, daga inda tafet ya ɗaga inci 0.050. Na LM7 wajen digiri 190 ne a shiga da fita, ɗagawarsa tsakanin milimita 11.6 da 11.8. Na LS1, gwargwadon shekara, yana kewayen 200 a shiga, 207 zuwa 210 a fita. Na LS6 na 2002 shi ne 204 da 218. Duk sa'ad da digirin ya ƙaru, bawul ɗin shiga yana jinkirin rufewa. A babban juyi wannan riba ce, iska na da gudun da za ta ci gaba da cusa kanta. A ƙaramin juyi kuwa fistin ne ke korar wani ɓangare na iskar ya mayar da ita manifol, ƙarfin tashi ya ragu. Motar da ke tashi da lodi daga tsaye tana aikinta ne tsakanin juyi 1,500 da 3,000 a minti, nan ne kuma babban kamshaf ya fi rauni.

Samari na son kamshaf mai sa inji gurnani a sulo, ana jinsa daga bakin titi. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Wannan gurnanin alama ce ta bawul biyu suna daɗewa a buɗe tare, kuma kuɗinsa ana biya ta wuri uku. Zuƙar iskar manifol tana raguwa, birki ya yi tauri a motar da sabo ɗinta da iskar inji yake aiki. Kwanbata ta asali, wadda ke kamawa tun ƙasa da juyi 2,000, sai ta riƙa tura motar gaba a danja kana taka birki, ko injin ya mutu da an sa giya. In ka canza kwanbata zuwa mai sakin jiki, man giya zai riƙa zafi a ƙarƙashin lodi, kuma 4L60E dama ba gwanin haƙuri ba ne. Ga motar aiki mai kwanbatar asali, duk abin da ya haura wajen digiri 212 a shiga ya fara fita daga sha'aninta.

To sai wani ya ce, tunda haka ne, a zare kamshaf ɗin tsohon 5.3 a sa wa LS1, a samu ƙarfin ƙasa. Zai shiga, birenbos zai gan shi, fushrod zai yi daidai. Duk da haka ban ba da wannan shawara ba. Matsin LM7 wajen 9.5 ne, na LS1 ya ɗan haura 10. Gajeren kamshaf yana rufe bawul da wuri, ya kulle iska mai yawa a silindar da dama matsinta ya fi yawa. Haɗa wannan da lodi, da zafin rana, da fetur mara ƙarfi, sai ka fara jin ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani in ana hawan tudu. Birenbos zai ji, ya ja wuta baya, ƙarfin da aka je nema ya gudu. In abin ya yi tsanani gefen fistin ne ke ɓallewa. Garin neman gira a rasa ido. LS1 an yi shi ne don fetur mai daraja ta sama, kuma wanda zai yi wannan aiki a Najeriya ya tuna cewa a gidan mai ba a tambayarsa wane iri yake so, famfo ɗaya ne.

Kamshaf ɗin LS1 na asali shi ne daidai, a bar shi inda yake. Ƙarin kusan cc 340 da injin ke da shi a kan 5.3 yana shanye ɗan ƙarin digirin, don babban inji yana ladabtar da kamshaf. Hasali ma Camaro da Firebird na 2001 da 2002 sun fito ne da kamshaf irin na injin a-kori-kura mai lita 6.0, mai digiri 196 da 207. Wanda ya dace da injin waɗannan shekaru biyu ya samu abin da ake nema ba tare da ya kwance ko noti ɗaya ba. In kuma kamshaf ɗin LS1 ɗinka ya ci, wannan na 6.0 shi ne abin nema.

In dai canjin ya zama dole, a yi shi tun injin na ƙasa. A cikin mota sai an cire lagireto da na'urar sanyaya iska kafin a sami filin zaro shi. Cire roka da fushrod, ka jera su yadda suka fito. Cire fuli da murfin gaba, ka juya inji har ɗigon giyar kamshaf ya dubi ƙasa, na giyar kiranshaf ya dubi sama, suna fuskantar juna. Kwance giyar da farantin da ke tare kamshaf. Daga nan ka juya kamshaf ɗin da hannu zagaye uku ko huɗu, tozayen za su tura tafet sama su maƙale a cikin robobinsu. Robar da ta tsufa ba ta da amana, tafet ɗaya ya suɓuce ya faɗa ciki sai an sauke tof ko kasko. Don haka a zura sanda mai kaurin milimita 8, tsawon kamar santimita 60, a kowanne daga ramukan mai biyu da ke bayan farantin, su tokare tafet ɗin. Wanda injinsa ke kan abin juyawa ya kifa shi kawai, nauyinsu zai janye su daga hanya. Ɗaura dogayen notin famfon ruwa a hancin kamshaf su zame maka mariƙi, ka jawo shi a hankali kana juyawa, kada tozo ya karce metal ɗin da yake kwanciya a kai.

Sabon a wanke shi, a shafe shi da baƙin mai sosai, ya shiga yadda tsohon ya fita. Farantin tarewa yana da siririyar roba a bayansa da ke rufe hanyoyin mai, in ta shafe ƙarfin mai zai zube ta nan, don haka sabo ake sawa: 25 Nm in notin masu kai shida ne, 15 in masu nutsewa ne. Notin giya uku 35 Nm da ɗigon gam ɗin noti. Juya inji zagaye biyu ka sake duba ɗigon nan. Fulin kiranshaf na waɗannan injina ba shi da ki, matsewa kawai ke riƙe shi, kuma ba a doka shi da guduma, ana jan shi ne da dogon zare. A zaunar da shi da tsohon noti a 330 Nm, a cire, a sa sabo a 50 Nm, a ƙara digiri 140. Notin nan sau ɗaya ake amfani da shi. Tafet na LS masu taya ne, ba sa bukatar a yi ta ba inji wuta na minti ashirin kamar na da, amma duk wanda tayarsa ta yi ƙuraje ko tana ƙugi a yatsa a yar da shi, don zai cinye sabon tozo.

Injina biyu da ake kawo wa mutane da sunan za su yi, ba za su yi ba. Akwai 5.3 na ƙananan motoci, LS4, da ke cikin Impala SS da Monte Carlo SS da Grand Prix GXP tsakanin 2005 da 2009. A kwance yake a motarsa yana jan tayun gaba, bayan bulok ɗinsa zubin giyabos na V6 ne, kiranshaf ɗinsa ya fi gajarta, kuma babu wurin ɗaura kik a jikinsa. Sai tsohon 350, wanda shi ma 5.7 ake ce masa, har da LT1 na Camaro ta 1993 zuwa 1997. Sunan lita ne kawai ya haɗa su da LS1. Wuyan kamshaf ɗinsu ya fi siranta, jerin wutarsu 1-8-4-3-6-5-7-2, na LS kuwa 1-8-7-2-6-5-4-3.

Kafin manifol ya hau, sa sababbin sensar ƙara guda biyu da wayarsu a kwarin bulok, domin ruwa na taruwa a ramin ta baya ya cinye ta da tsatsa, kuma canza ta daga baya sai an sake kwance sama. Sensar zafi da ta ƙarfin mai a ɗauko na motar. Ƙaramin bututun tururi da ke haɗa gaban tof biyu a mayar da shi kan layinsa, kada a toshe. Ruwa kuma a fara ɗura shi ta babban tiyo na sama har bulok ya cika, saboda tamostat ɗin LS a mashigar ruwa yake, iska na maƙalewa a bayansa injin ya yi zafi alhali lagireto a cike.

Ranar tayarwa, cire fiyus ɗin famfon fetur ka ja inji har allurar mai ta motsa. Ƙa'idar GM mafi ƙaranci in inji ya yi zafi ita ce psi 6 a juyi 1,000, 18 a 2,000, 24 a 4,000, amma lafiyayyen inji yana ba da ninkin haka a sulo. Birenbos ɗin motar zai tayar da LS1 da lissafin 5.3, sai dai ba a barinsa haka. A kai wa mai manhajar saita birenbos ta HP Tuners ko EFILive ya gyara girman silinda da jadawalin iska da na wuta, a kuma yi masa koyon kiranshaf da sikana, in ba haka ba P1336 ko P0315 za ta zauna a allo. Gwajin ƙarshe da lodi ake yinsa, da rana tsaka, a kan tudu, mutum ɗaya na tuƙi ɗaya na riƙe da sikana yana kallon yawan digirin da birenbos ke janye wuta. In yana nuna 3 ko 4 a kai a kai, a koma a rage wutar a daidai wannan juyin, a sake hawa tudun.